Ya Ba Ta Waƙa ko Ya Ɓata Waƙa?

Assalamu alaikum. Ina gode wa shugaban wannan zama da malamai, da kuma ku matasan da kuka ƙudura niyyar fitar da mujallar waƙa da kiɗa. An nemi in yi magana a kan harshe da salon da ya dace da irin wannan mujalla, na kuma tsara abubuwa huɗu a takarda, ko da yake waɗanda suka saba da ni sun san ban cika bin takarda har ƙarshe ba.

Abu na farko shi ne ƙa'idojin rubutu, kuma zan ba ku misali guda da ya taɓa faruwa da ni. A wata mujalla da na yi wa aiki, wani wakilinmu ya aiko da labari mai kanun "Mawaki ya bata waka", muka zauna mu uku a ofis muna musu, domin ɗaya ya karanta "ya ba ta waƙa", wato ya yi wa wata baiwar Allah kyautar waƙa, ɗaya kuma ya karanta "ya ɓata waƙa". Tsakanin kyauta da ɓarna babu komai sai lanƙwasar harafi guda da ɗan fili tsakanin kalmomi. Haka nan idan aka ce mawaƙi ya tara baƙi a gidansa aka manta lanƙwasar, to an mayar da baƙin nasa baki. Na ji kuna dariya, amma mawaƙin da aka yi wa haka ba zai yi dariya ba. Ba yau aka fara wannan aiki ba. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya da ƙ da ɗ da ɓ, aka yi taron Bamako a 1966, aka kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. Saboda haka ku raba "shi ne", ku raba "za mu" da "ya yi", ku haɗa "yana" da "gidansa". Wayar da ke hannunku tana da waɗannan haruffa in kun sauke allon rubutun Hausa, don haka wannan uzuri ya faɗi.

Na biyu kuwa, nan ne zuciyata take, ku yi mini haƙuri in na daɗe. Mai rubutu a kan waƙa aikinsa shi ne ya gaya wa mai karatu abin da kunnensa ya ji. Yawancin abin da nake karantawa a yanzu ba ya wuce cewa fitaccen mawaƙi, shahararre, ya saki zazzafar waƙa wadda ta girgiza gari. To, me ya yi zafi a cikinta? Muryar ce, ko kiɗan, ko kalmomin? Idan kowace waƙa zazzafa ce, kuma kowane mawaƙi fitacce ne, har yaron da jiya jiya ya fara shiga situdiyo, to kalmomin sun mutu a hannunku, kuma ranar da gwani na gaskiya ya bayyana ba ku da sauran abin da za ku kira shi da shi.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin wannan sana'a ba. A waƙar baka akwai gindin waƙa, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, wato kowane yankin waƙar da jagora ya rera, akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai rauji, wato hawa da saukar da murya take yi. A rubutacciyar waƙa akwai baiti da ɗango, wato layi guda na baiti, da amsa-amo, wato sautin da layuka ke ƙarewa da shi iri ɗaya. A wajen manufa akwai yabo da kirari da zambo da habaici, kuma zambo daban habaici daban, domin mai zambo yakan fito da siffar wanda yake muzantawa har kowa ya gane shi, mai habaici kuwa jifa yake yi ya bar mai tsarguwa ya tsargu. Marubucin da ya san waɗannan zai iya cewa gindin waƙar nan ya fi 'ya'yanta ƙarfi, ko ya ce mawaƙin ya karya amsa-amo a baiti na uku don kawai ya cusa sunan wanda ya biya kuɗin situdiyo. Wannan magana ce da mai karatu zai koma ya saurara ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Haka kayan kiɗa. Kada ku ce ganga ga duk abin da aka rufe da fata. Kalangu, irin wanda ake kaɗa wa Mamman Shata, ana rataya shi ne a kafaɗa a matse tsarkiyarsa a hammata, sai muryarsa ta hau ko ta sauka, shi ya sa ake cewa yana magana. Kotso, na makaɗan fada irin su Narambaɗa, baki ɗaya ne aka rufe masa, kuma da hannu ake kaɗa shi. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya guda. Goge da izga ake goga shi, gurmi da yatsa ake taɓa shi, amada kuwa ƙwarya ce ta mata, har akan kifa wata a kan ruwa don ta ba da amo mai kauri. Wani zai ce ai mujallarmu ta waƙoƙin zamani ce, ta nanaye da gambara, ina ruwanmu da kotso? Ruwanku ne ƙwarai, domin mai fiyanon da ke situdiyo, sau da yawa kalangu yake kwaikwayo da yatsunsa, kuma marubucin da bai san asalin ba ba zai gane kwaikwayon ba, balle ya ce ya yi kyau ko bai yi ba.

Akwai kuma maganar karin sauti, wadda ban taɓa ganin an ba ta haƙƙinta ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere, kuma duk rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su. Idan yaro ya ɗauko kiɗan da aka gina don Turanci ya ɗora masa Hausa, sau da yawa sai ya ja wasalin da bai kamata a ja ba, ya kwantar da gaɓar da ya kamata ta tashi, har kalma ta fita daga kamanninta. Wani kuma gwani ne, zai zaɓo kalmomin da karinsu ya hau kiɗan daidai, ka ji kamar tare aka haife su. Ku saurari wannan, ku rubuta shi. Na sake faɗa, ku rubuta abin da kunne ya ji.

Sannan idan za ku buga baitocin mawaƙi, kada ku yi masa gyara. Mutumin Sakkwato ko Zamfara da ya ce "munka tahi" ko "shina nan" ko "wanga yaro", ku bar masa abinsa yadda ya faɗa. Na taɓa ganin edita ya mayar da "munka" ta koma "muka" a baiti, ya ɗauka taimako ya yi, alhali ya sauƙaƙa gaɓar da waƙar ta dogara da nauyinta. Daidaitacciyar Hausa ta muryar mujalla ce, karin harshe kuwa haƙƙin mawaƙi ne.

Na uku, ko na huɗu ne yanzu? Shugaba yana nuna mini agogo, bari in gaggauta. A hira, kada ku sa wa mawaƙi magana a baki, kuma kada ku cinye rabin shafi da gaishe-gaishe. Ku rubuta sunan mai kiɗa da na 'yan amshi, domin su ma sun yi gumi. Ku bambanta suka da cin mutunci, a soki waƙa a bar iyayen mai ita. Mujallar Fim tana fitowa tun 1999, ku nemi tsofaffin fitowarta ku ga yadda ake tsara hira da labari.

Ga wata 'yar'uwa can baya ta ɗaga hannu. Bismillah, Malama.

Ga waɗanda ba su ji ba, tana cewa matasan da za su sayi mujallar Ingausa suke yi, kuma tana tsoron in an yi musu tsantsar Hausa za su ce jaridar tsofaffi ce. Malama, tambayarki ta fi abin da ya rage a takardata muhimmanci. Ni ba na faɗa da aro, domin situdiyo da fiyano da kaset da bidiyo duk aro ne, sun zauna sun zama 'yan gida, ku rubuta su da haruffan Hausa ku wuce. Sarar matasa ma tana da gurbinta, a cikin hira da shafin wasiƙu da na barkwanci, inda bakin mutum ne yake magana. Abin da nake ƙi shi ne jimlar da rabinta Turanci ne alhali Hausarta tana nan kusa. Ki kuma tuna cewa waƙar Kano ana jin ta a Maraɗi da Damagaram, kuma yaron can Faransanci ya yi a makaranta, don haka duk jimlar Turancin da kika saka kin rufe masa ƙofa, kamar yadda shi ma zai rufe miki in ya cika tasa da Faransanci. Shawarata ita ce kafin ku kai shafi maɗaba'a, ku karanta shi da ƙarfi a gaban ƙanenku ɗan sakandare da kuma wani ɗan acaɓa da bai yi boko mai nisa ba, duk inda ɗayansu ya ce "me?", ku sa alama a wurin ku sake jimlar. Shugaba, na ga akwai wani hannun a gefen taga, amma an kira salla.