Ba Daƙuwa Ba Ce: Yatsun 'Yan Ƙwallon Raga Ta Kan Yashi

Tun shekaranjiya ake turo mini wani guntun bidiyo na ƙwallon raga. Ga ɗan wasa tsaye gaban raga, ya kai hannu baya, ya ware yatsu biyar. A majalisarmu ta Ƙofar Mata har wani ya rantse daƙuwa yake yi wa abokinsa. To, a tsayar da hoton nan.

Wannan ƙwallon raga ce ta bakin teku. Mutum biyu-biyu, babu canji, fili mita 16 da 8, yashi har idon sawu. Ta shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, inda Karch Kiraly na Amurka ya ɗauki zinare, bayan guda biyu da ya riga ya ci a ta cikin ɗaki a 1984 da 1988.

Yanzu ku lura. Mutum biyu ba za su iya rufe wannan filin duka ba. Ɗaya zai yi tsalle ya tare a raga, ɗaya yana baya yana jiran abin da ya kuɓuce. Na gaba ba ya ganin na baya, kuma in ya buɗe baki abokan karawa sun ji. Sai yatsu. Hannun hagu na magana a kan abokin karawar da ke hagu, na dama a kan na dama. Yatsa ɗaya: zan toshe masa bugun da ke bin layi, kai ka tsare ɗaya ɓangaren. Yatsu biyu: zan toshe na karkace, layi naka ne. Dunƙulen hannu: ba zan tare ba, baya zan ja. Tafin hannu a buɗe kuwa, wanda ya tayar da ƙura a Kano: duk inda ƙwallon ta nufa can zan bi, ka karanta da kanka.

Kamar ciniki ne a Kantin Kwari, yaron shago ya kalli maigida sau ɗaya ya san farashin ƙarshe.

Shi ya sa a wasan nan ba a kiran suna ɗaya. Ku dubi 'yan Amurka biyu: ga Kerri Walsh Jennings, doguwar, a raga. Ga Misty May-Treanor a baya tana shan yashi. Zinaren Olamfik a 2004, a 2008, a Landan 2012, kuma a gasa ukun nan zagaye ɗaya tak aka ci su. Sun taɓa jera wasa 112 ba a doke su ba. Ni dai a wajena May ce jaruma, amma kyamara ta fi son mai tsalle.

Anders Mol da Christian Sørum na Norway, haka tsarin yake, zinare a Tokyo. A Faris a 2024, ƙarƙashin hasumiyar Eiffel, Ana Patrícia da Duda suka mayar da zinaren mata ƙasarsu Brazil.

Ku ga waɗannan biyun da suka ciyo wa Katar tagulla a Tokyo: Cherif Younousse haifaffen Senegal, Ahmed Tijan haifaffen Gambiya. 'Yan Afirka ta Yamma ne, kusan maƙwabtanmu. A mayar da hoton baya kaɗan, a rage gudu. Ga hannun Cherif nan a bayansa, ku kalli inda Tijan zai ruga.