Hira Bayan Sujada: Littafin da Baba Fasto Ba Ya Ba da Aronsa

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da war haka daga nan Aboabo, Kumasi. Yau ina tare da Baba Fasto da Malama ta makarantar Lahadi. Baba, littafi ɗaya muka ce ku zo da shi, sai ga ku da jaka guda.

Fasto: Ɗana, ɗaya ne na magana, sauran rakiya suka yi masa. Ga shi, History of the Gold Coast and Asante, na Carl Reindorf. A Basel aka buga shi, 1895.

Malama: Bangon ma da salatif aka riƙe shi. Shi ne wanda na roƙa kuka hana ni?

Fasto: Shi ne, 'yata, kuma yau ma a hannuna za ki gan shi. Reindorf fasto ne na mishan ɗin Basel, ɗan ƙasar nan, mahaifiyarsa Ga ce. An haife shi a 1834, ya rasu a 1917. Bai zauna jiran Bature ya rubuta masa tarihin kakanninsa ba. Ya bi tsofaffi, maza da mata, sama da 200, yana tambaya yana rubutawa. Da harshen Ga ya fara, kafin na Turanci ya fito.

Mai gabatarwa: To amma Baba, fasto da labarin yaƙe-yaƙe da sarakuna? Ai na ɗauka wa'azi ne aikinku.

Fasto: Wa za ka yi wa wa'azin in ba ka san daga ina ya fito ba? Je ka kasuwar Kejetia ka duba teburan masu littattafai. Matakai bakwai na arziki, asirin buɗe ƙofa, hoton mai littafin ya cinye rabin bango. Ban ce a ƙone su ba. Amma matashin fasto zai haddace su tas, ka tambaye shi wa ya kafa majami'ar da yake tsaye a cikinta, sai ya hau sosa ƙeya.

Malama: Ni fa a nan nake da magana. Tarihin nan ba duka ne mai daɗin ji ba. Ramseyer, Baturen mishan ɗin Basel da ake yabo, wanda babbar majami'ar Adum ke ɗauke da sunansa, ai sai da sojan Ingila suka ci Kumasi a 1896 ya samu wurin zama. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan, suna kuma faɗa mana.

Fasto: Gaskiya suka faɗa. Sai dai a haɗa da farkon labarin. Dakarun Asante sun kama shi a Anum a 1869, shi da matarsa da jaririnsu, aka koro su a ƙasa har garin nan. Yaron bai iso da rai ba. Sai 1874 aka sake su. Mutumin da aka yi wa haka ya kwashe shekara 22 yana neman hanyar dawowa wurin waɗanda suka tsare shi. Wannan ina girmama shi. Cewa a bayan bindigar Turawa ya dawo, wannan kuma ba na ɓoye wa kowa, ko a kan bagade ne.

Malama: Kuma ya tarar da masu salla.

Fasto: Tun tuni. Bowdich, Baturen da ya zo a 1817, ya ga malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu. Wanda ya san haka ba zai shigo zango yana ɗaga kafaɗa kamar shi ya kawo sunan Allah garin ba.

Mai gabatarwa: Sauran na cikin jakar fa?

Fasto: Na Kwame Bediako ne, Christianity in Africa, 1995, mutumin da ya kafa cibiyar nazari ta Akrofi-Christaller a Akropong. Turancinsa da nauyi, sai da shayi a gefe. Hujjarsa dai ita ce bangaskiyar nan ba kayan aro ba ce a hannun ɗan Afirka, tunda da harshen uwarsa yake jin ta. Tonawa, wato mutanen Asante, sun samu cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensu tun 1871, aikin Christaller, Baturen mishan ɗin Basel, da abokan aikinsa 'yan ƙasa. Na Hausa sai 1932, daga Najeriya. Shi iyayenmu suka riƙe da suka sauko daga Bawku da Bolga neman aikin gonar koko da gadi, domin kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya.

Malama: Su kuwa wa ya rubuta nasu tarihin?

Fasto: Kin taɓo inda ke mini ciwo. Na Basel yana nan, na Methodist yana nan, har ranar da fastonsu Freeman ya shigo Kumasi a 1839 an rubuta. Amma masu gadin da suka fara taruwa a ɗakin haya suna waƙa da Hausa, wa ya ba su wurin, wa ya fara ja musu addu'a, duk yana bakin tsofaffi. Rajistar baftismarmu ta farko ma gara ta ci gefenta.

Mai gabatarwa: Ai waya ta wadatar, Baba. A ɗauki murya kawai.

Fasto: To ɗauka. Amma ka je da goro, ka zauna ƙasa, kada ka katse tsohuwa don ta kauce hanya. A kaucewar ake samun labarin.

Malama: Akwai wata kaka a zumuntar mata, tun tana budurwa take wannan ikkilisiya. Sai dai da safe tana wurin kokonta, ba za ta saurare ku ba.

Mai gabatarwa: Bayan la'asar ke nan. Malama, ke za ki yi mana iso ranar Laraba. Masu sauraro, wanda ke da tsoho a gida ya aiko mana da saƙo. Baba, littafin fa, ko kwana biyu?

Fasto: Zo ofis ka karanta, akwai kujera.