Janye Ƙarar Haɗaka a Amurka: Kwanakin da Kotu Ba Ta Ɗaga Ƙafa a Kansu

Masu kallo, a Amurka mutum ɗaya kan iya maka kamfani a kotu a madadin dubban mutanen da aka cuta kamar yadda aka cuce shi, wato ƙarar haɗaka. To idan ya gaji fa, ko kamfanin ya ja shi gefe suka daidaita? Zai tattara takardunsa ne kawai ya kama gabansa?

A'a. A kotunan tarayya, doka ta 23 cikin ƙa'idojin gudanar da shari'a ta ce da zarar alƙali ya amince ƙarar ta zama ta jama'a, ba janyewa, ba sulhu, sai da yardarsa. Idan sulhun zai ɗaure sauran mutanen, dole a sanar da su, a saurari wanda bai yarda ba. Wata dokar ta 2005 ta ba kamfanin kwana 10 ya sanar da hukumomin tarayya da na jihohi, kuma alƙali ba zai sa hannun ƙarshe ba sai an cika kwana 90 da sanarwar. Wannan daidai ne, domin haƙƙin mutanen da ba su taɓa taka harabar kotun ba ake ciniki a kai.

Janyewa kuma ba ta wanke lauya. Wani ofishin lauyoyi, Cooter & Gell, ya zargi kamfanin tufafin maza na Hartmarx da haɗa baki wajen ƙayyade farashi a duk faɗin ƙasar. Da me suka dogara? Wayar da aka buga wa masu tsaron shaguna a birane huɗu: New York, Philadelphia, Baltimore da Washington. Shi ke nan binciken. A 1984 suka janye ƙarar, amma duk da haka alƙali ya ci su tarar sama da dala dubu 21. A 1990 Kotun Ƙoli ta ce yana da wannan hurumin, tunda laifin shigar da ƙara ba tare da isasshen bincike ba ya auku ne tun ranar da aka shigar da takardar. Daga 1993 an ɗan sassauta: idan abokin shari'a ya miƙo maka takardar neman a hukunta ka, kana da kwana 21 ka janye ko ka gyara kafin ta isa gaban alƙali.

Akwai wa'adin da ya fi wannan tsauri. Idan alƙali ya ƙi amincewa da haɗakar, ko ya rushe ta, kwana 14 ne kacal na neman izinin ɗaukaka ƙara. A shari'ar Nutraceutical da Lambert, mai ƙara ya shaida wa alƙali da baki cikin kwana 10 cewa zai nemi a sake duba hukuncin, amma takardarsa ba ta shiga ba sai rana ta 20. A 2019 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka ce ba a ɗaga ƙafa a kan wa'adin kwana 14 don sassauci.

Abin da ya fi damuna shi ne talakan da ke gida yana jira. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar American Pipe a 1974, wa'adin da doka ta ba shi na kai ƙara yana tsayawa muddin ƙarar haɗakar na gaban kotu. Ranar da aka ƙi amincewa da ita, lissafin kwanaki ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko ya ji labari ko bai ji ba. A 2018 kuma, a shari'ar China Agritech, kotun ta ce wannan rangwamen na mai shigar da ƙarar kansa ne shi kaɗai, bai shafi mai son buɗe sabuwar ƙarar haɗaka bayan wa'adi ya wuce ba.