Abin da ya riƙe majami'ar Notre-Dame a tsaye

Jama'a masu sauraro, ranar 15 ga Afrilun 2019 da gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, babban tsoron magina shi ne kada ginin ya kife bayan an kashe wutar.

Dalilin yana cikin tsarin ginin. Bishop Maurice de Sully ne ya sa aka fara aikin a 1163, lokacin salon Gotik yana sabo a Faransa. Magina na wannan salo sun daina dogara da kaurin bango. Sukan ɗaura bakuna masu tsini na dutse, irin bakan gizo na gini, su gitta juna kamar ɗaurin guga, su raba kowane sashen rufi gida shida, sannan a cike tsakaninsu da siraran duwatsu. Nauyin sai ya bi bakunan ya sauka kan ginshiƙai, shi ya sa aka samu sararin buɗe manyan tagogi.

To amma baka, ban da dannawa ƙasa, tura bango yake yi waje, ga shi rufin dutsen ya kai kusan mita 33 daga ƙasa. Maganin shi ne tokarai na dutse da suka taso daga waje suka dafe bangon daidai inda turin ya fi ƙarfi. Aikin ba ya son ganganci: a majami'ar garin Beauvais na Faransa, inda aka kai rufi mita 48, wani ɓangarensa ya rufto a 1284.

A daren gobarar, hasumiyar da masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya ɗora a ƙarni na 19, mai tsayin mita 96, ta faɗo ta huda rufin dutsen. Rufin katako da ke saman rufin dutsen ya ƙone, dalmar da aka lulluɓe shi da ita ta narke. Turin ciki ya ragu, su kuwa tokarai suna nan suna dannawa daga waje. Dole aka sassaƙa katakai aka tallafe tokarai 28, kowanne da awonsa. Ga kuma ruwan kashe gobara da ya jiƙe kwaɓin da ke tsakanin duwatsu.

Wutar ta kuma tona wata dabarar maginan farko: ƙusoshin ƙarfe masu baki biyu da ke ɗaure dutse da dutse. Bincike ya nuna wasunsu tun shekarun 1160 suke cikin ginin.

An sake buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamban 2024.