Lambar Baiti a Takardar Waƙa: Hira daga Agege

Malam Iliya: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Agege a birnin Legas. Yau ina tare da Malama Ladi, wadda take koyar da ƙungiyar mawaƙa, da kuma Malam Habu, mai tsara takardu a kwamfuta kafin a kai su ɗab'i a Shomolu. Za mu tattauna yadda ake sanya lambar baiti a gaban kalmomin waƙa a manhajar rubuta kiɗa. Malama, wani zai ce abin bai kai a yi masa shiri guda ba.

Malama Ladi: Wanda bai taɓa tsayawa gaban mawaƙa ba ne zai faɗi haka, Malam. Idan waƙa tana da baitoci da yawa a kan karin murya ɗaya, ana jera su ne wani ƙarƙashin wani a ƙasan layin nota, wato alamomin da ake rubuta sautin kiɗa da su, kuma duk lokacin da ido ya kai ƙarshen layi ya koma farkon na gaba, yana iya sauka a kan baitin da ba shi ake rerawa ba. Ka ɗauki taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024, mai baiti 3. Yaran makaranta sukan riƙe na farko da ka, amma a na biyu da na uku takarda suke bi, kuma idan babu lamba sai ka ji rabin aji sun koma baya.

Malam Iliya: To, Malam Habu, ba rubuta "1." kawai za a yi a wuce ba?

Malam Habu: A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. A manhajar MuseScore, wadda kyauta ce kuma fitowarta ta 4 ta zo a watan Disambar 2022, mutum yana zaɓar nota ya danna Ctrl da L ya fara rubutu, kuma maɓallin tazara shi ne yake tsallakar da shi zuwa nota ta gaba. Saboda haka idan ya rubuta lambar ya danna tazara, lambar ta cinye nota ta farko ita kaɗai, kowace gaɓa kuma ta gusa gaba da nota ɗaya har ƙarshen waƙar. Maganin shi ne a riƙe Ctrl a danna tazara, domin lambar da gaɓar farko su zauna ƙarƙashin nota ɗaya. Akwai kuma zaɓi a cikin salon kalmomin waƙa wanda yake tura lambar zuwa hagu, ya bar gaɓar daidai ƙarƙashin notarta.

Malama Ladi: Wannan zaɓin na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wurina, domin idan aka lissafa faɗin lambar tare da gaɓar, gaɓar takan karkace zuwa dama, mai karatu kuma ya yi zaton a nota ta biyu zai shiga.

Malam Iliya: Sauran manhajojin fa?

Malam Habu: Dorico, wadda kamfanin Steinberg ya fitar a 2016, tana iya sanya lambar da kanta bisa ga layin da kalmomin suke, mutum bai rubuta komai ba. A LilyPond, inda ake rubuta kiɗa da umarni a maimakon jan linzami, akwai umarni na musamman na lambar baiti, wanda yake ajiye ta a gefe da baƙin rubutu mai kauri. Ni dai na fi son wannan tsari, domin lambar da aka cusa cikin gaɓa takan bi gaɓar duk inda aka kwafe ta. Waɗanda suka saba da Finale sun ɗanɗana wannan bayan an daina sayar da ita a watan Agustan 2024, lokacin da suka riƙa kwashe ayyukansu ta hanyar MusicXML, wato nau'in fayil na musayar rubutun kiɗa, zuwa wasu manhajoji, domin tilas ne a sake duba farkon kowane baiti da ido.

Malama Ladi: Ina da ƙari a kan amshi. Kada a ba shi lamba, tun da bayan kowane baiti ake maimaita shi. A rubuta shi sau ɗaya, a sa kalmar "Amshi" a samansa, in so samu ne da rubutun da ya bambanta da na baitocin. Haka kuma baitocin Hausa ba kullum suke zuwa da yawan gaɓoɓi iri ɗaya ba. Wani baitin yakan ja gaɓa ɗaya a kan nota biyu inda ɗan'uwansa ya sa gaɓa biyu, kuma a irin wannan wuri ne mawaƙi ya fi buƙatar sanin layin da yake kai. Shi ya sa nake roƙon masu tsara mana takarda su maimaita lambobin a farkon kowane layin nota, musamman idan an juya shafi.

Malam Habu: Ana yin hakan, Malama, ko da yake sau da yawa da hannu ne, kuma sai an gama tsara shafukan gaba ɗaya, domin idan layi ya sake karyewa a wani wuri lambar za ta tsinci kanta a tsakiya. Idan baitocin sun wuce 4, shawarata ita ce a bar sauran a ƙasan shafi a matsayin rubutu zalla, kowanne da lambarsa.

Malam Iliya: Akwai abin da za a duba kafin a kai wa mai ɗab'i?

Malam Habu: A duba haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai manhaja ta aro su daga wani nau'in ko ta bar ɗan akwati a gurbinsu. A mayar da aikin PDF, a buga shafi ɗaya na gwaji, a miƙa wa mawaƙin da bai san waƙar ba ya rera baiti na uku.

Malam Iliya: Malama Ladi, Malam Habu, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, a huta lafiya.