Shingen gida a Amurka: robar binil ko katakon sida?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina wani aiki a bayan garin Chicago, kuma ga irin shinge biyu a gabana, shi ya sa na ce bari in amsa tambayar da 'yan uwa masu sayen gida a nan suke yawan turo min: binil zan sa ko sida?

Ga sida. Da kuna kusa da kun ji ƙamshinsa. Wannan jan sida ne, daga yamma ake kawo shi, wajajen British Columbia a Kanada da jihohin Washington da Oregon. Akwai wani mai da Allah ya halitta a cikinsa wanda ke hana shi saurin ruɓewa, ƙwari ma ba sa son sa. Amma ku dubi falankin nan da kyau. Kun ga jan nan na tsakiya, kun ga farin nan na gefe? Man yana cikin jan ne, farin ba shi da wannan kariya. In kun je saye ku tsaya ku tsince da hannunku, kada ku bari a loda muku yadda aka ga dama.

Sai ƙusa. Don Allah kada ku buga masa ƙusar ƙarfe ta gama-gari. Ruwan sama na farko za ku ga baƙin layi yana gangarowa daga kan kowace ƙusa, kuma ba ya fita cikin sauƙi. Ku nemi wadda ba ta tsatsa. Sannan duk bayan shekara 2 ko 3 sai an wanke shi an shafa masa man katako, in ba haka ba ya koma ruwan toka. Wasu ma haka suke son sa. Ni dai jan nan ne yake burge ni.

To ga binil. Roba ce, irin ta bututun ruwan PVC, an haɗa ta da sinadarin da ke kare ta daga rana. Ba fenti, ba mai, ba ruwanta da gara. In gansakuka ta kama gefen da rana ba ta bugawa, ruwa da sabulu sun wadatar. Kuɗinta na farko yawanci ya fi na sida, amma daga nan an huta.

Yanzu ku matso, nan ne wurin da aiki ke lalacewa. Katako yana da haƙuri: in ramin ginshiƙi ya goce da inci biyu, ka yanke ka daidaita. Binil ba ta san wannan ba. Gindin sandunan kwance yana shiga ne cikin ramukan da aka riga aka huda a jikin ginshiƙi, don haka tazara sai ta fito daidai. Bari in auna muku... ƙafa 8 daga gefe zuwa... a'a, tsaya, daga tsakiyar wannan ginshiƙi zuwa tsakiyar wancan, haka wannan kamfanin ya tsara nasa. Ku duba takardar naku, don ba duka ne ɗaya ba. Ni ba na zuba siminti a duk ramukan lokaci guda. Ina kafa ɗaya, in zura sanda, in kafa na gaba. Ya fi cin lokaci, amma ba a dawowa fasa kankare.

Kuma kada ku tura sandar har ta tokare a ciki. Ku bar mata ɗan wuri, kamar kaurin yatsa. Roba tana miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi. In kun matse ta, watan Yuli za ku tarar ta yi doro. A tsakiyar hunturu kuwa takan yi tauri, abu mai nauyi ya buge ta sai ta tsage. Masu gashin nama a filin da ke bayan gidansu, ku janye murhu nesa da ita, narkewa take yi. Ginshiƙin ƙofa kuma a zura masa ƙarfen alminiyam a ciki, in ba haka ba ƙofar za ta sunkuya.

Zurfin rami kun sani, a nan ƙasa tana daskarewa, sai an kai inci 42. Kafin ku taɓa shebur ku kira 811 a zo a yi muku alamar bututun gas da wayoyin lantarki, kyauta ne. Ku kuma tambayi hukumar gari da ƙungiyar masu gidajen unguwarku tsayin da aka yarda da shi.

Wani Alhaji da na yi wa aiki, direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Ya so sida sosai. Na ce, Alhaji, wa zai shafa man? Ya yi shiru, muka sa binil. Tambayar da nake yi wa kowa ke nan. In kuna da lokacin kula da shi, ku sa sida, amma ginshiƙan su zama na ƙarfe ko katakon da aka jiƙa da magani, don daidai bakin ƙasa yake fara ruɓewa. Wanda yake yankin nan yana son in zo in auna masa, ya turo saƙo, awo kyauta nake yi.