Sharhi: Layi Ɗaya Ba Ya Riƙe Jami'a

Masu sauraro, akwai wata magana da na gaji da ji a garin nan na Sakkwato. Da an taɓo batun intanet a manyan makarantunmu, sai wani ya gyara zama ya ce, "Ai kowane ɗalibi yana da data a wayarsa." Haba malam! Datar naira ɗari biyar ce za ta ɗauki jami'a irin ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ke nan tun 1975, da ɗakin karatunta da asibitin koyarwarta?

Mu bi abin daga tushe. Wi-Fi ɗin da ɗalibi ke kamawa a gindin dogonyaro, iyakarsa 'yan taku ne. Daga nan sai waya a ƙarƙashin ƙasa, mai zaren gilashi siriri kamar gashi, ta kai saƙo ɗakin na'urorin makaranta. Can ake miƙa shi ga kamfanin da aka sayi layi a hannunsa, shi kuma ya ja shi wajen kilomita 1,000 zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, suka fara aiki: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Ko ta Yawuri aka bi ko ta Gusau, katafila ɗaya mai aikin titi ta isa ta tsinke tafiyar nan.

To, duk makarantar da ta rataya a kan layi ɗaya, ranar da ya tsinke rajista ta tsaya, jarabawar kwamfuta ta tsaya, mai bincike ya naɗe hannu. Layi ɗaya! Mun ga haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa, har bankuna suka rikice. Masu hanya ta biyu su suka fara farfaɗowa.

Wasu za su ce a sayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, a huta. A saya mana, a ajiye don ranar wuya. Amma faranti biyu a kan rufi ba za su ɗauki dubban ɗalibai ba.

Abin takaici, maganin ba sabo ba ne. Tun 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar bincike da ilimi ta Nijeriya, aka fara da jami'o'in tarayya 27, don makarantu su haɗu da juna kai tsaye, su kuma sayi layi a dunƙule da rangwame. Ko ta cika alkawari? Ina da shakka, amma tunanin daidai ne.

Shugabannin makarantu, kada ku ce min kun biya kamfani biyu. Idan wayoyinsu a rami ɗaya suke kwance, layi ɗaya kuka saya da kuɗi biyu. Kafin a sa hannu a kwangila, a ce wa kowane kamfani ya baje taswira a kan tebur, ya nuna ta inda wayarsa ta fita daga Sakkwato.